Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Kano Zuwa Elmina Da Jakar Goyo

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na ambaci zuwana Elmina, wannan ƙaramin garin masunta na bakin teku a ƙasar Ghana, saƙonni suke ta shigowa kan hanyar da yadda ake yi. Na ware guda huɗu wannan makon, sauran kuyi haƙuri, yawancin abinda kuka tambaya yana cikin waɗannan ɗin.

TAMBAYA: Salam Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, na gama bautar ƙasa watan jiya kuma na ɗan tara wani abu daga alawus ɗina. Tun ina yaro nake son ganin teku amma ban taɓa wuce Abuja ba. Inaso in ɗauki jakar goyo ɗaya kawai in bi mota har Elmina ɗin nan. Matsalar Baba yace yawon banza ne, abokai kuma sunce za a tatse ni a boda kafin in isa. Dan Allah ya hanyar take, kwana nawa zanyi, me zan riƙe? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Ƙanena, maganar Baba zamu fara don ita ce gaba da fasfo. Kar ka saka ƙafa waje sai ya yarda ya sa maka albarka. Amma kuma kar kaje masa da "yawon buɗe ido zanje" kawai, don shi kalmar yawo kunnensa zai ɗauka ya bar sauran. Ka samu takarda ka rubuta masa ranar tashi, garin da zaka kwana kowane dare, ranar dawowa, lambar wanda zai kira in bai same ka ba, ka nuna masa kuɗin dawowa ma daban ka ware su. Sannan cikin ladabi ka tuna masa hanyar nan ba baƙuwarmu bace, kakanninmu da jakuna suka riƙa bin hanyar Gwanja wata da watanni, su kai kanwa da tufafi da fata su sayo goro a Salaga da ke arewacin Ghana, har yau kuma jikokinsu na can a zango-zango. Uba in ya san inda ɗansa zai kwana hankalinsa yakan kwanta, na ga haka a gidanmu.

Toh hanya. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1000 ne, ni dai shawarata ka bi motar safe ko da zata kai ka ga kwana a Ilori ko Badun, saboda yanayin tsaro tafiyar dare bata kwanta min ba. A Legas ka nemi wani naka a Agege ka huta kwana ɗaya. Daga nan hanya biyu ce. Akwai manyan bas da ke tashi daga Legas kai tsaye har Ankara, wato Accra babban birnin Ghana, su ma'aikatan kamfanin ne ke tattara fasfo su kai a buga a kowace iyaka, kuɗinsu ya fi yawa amma wahalar ta ragu sosai. Ɗaya hanyar kuma guntu-guntu: daga tashar Mile 2 ka hau motar Seme ta Badagry, ka tsallaka Benin ka shiga Kwatano inda zaka ga 'yan acaba masu rigar ɗorawa birjik, daga can motar iyakar Hilakonji ka shiga Togo, ka wuce Aneho zuwa Lome, ita Lome ma iyakar Aflao a jikinta take, ka taka da ƙafa ka shiga Ghana ka hau motar Ankara. Duka tsawon bai kai kilomita 500 ba amma iyaka uku ce, don haka ka sa a ranka wuni guda ne cur har da ɗan dare. Tunda fitarka ta farko ce, ka tafi da babbar bas, in zaka dawo idonka ya buɗe sai ka biyo guntu-guntu ka kwana inda ranka ya so.

Takardu biyu ne ba wasa a kansu. Fasfo, wanda da shi ɗan ƙasar ECOWAS ke shiga ya zauna har kwana 90 ba biza, tun yarjejeniyar 1979 haka abin yake. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, yalo kad ɗin nan. Kaje asibitin da aka ware ayi maka allurar da gaske, aƙalla kwana 10 kafin tafiya don sai lokacin katin ke fara aiki, kar ka sayi na bakin tasha, lafiyarka kake karewa. Kayi musu hoto a waya kayi kwafi biyu ka raba a jaka.

Ga abinda nafi so ka riƙe: hatimi shida za a buga maka kafin ka isa. Fita Najeriya, shiga Benin, fita Benin, shiga Togo, fita Togo, shiga Ghana. Duk inda aka miƙo maka fasfonka ka buɗe a wurin ka ga hatimin da idonka kafin ka ɗaga. A zuwana na farko, a ɗaya daga cikin iyakokin nan wani saurayi wanda ba kaki a jikinsa ya tare ni da fara'a yace zai taimaka min in wuce layi, na bashi fasfo, ya ɓace kusan awa guda ina tsaye cikin rana gabana na faɗuwa, ya dawo ya karɓi kuɗi ya tafi. Sai da na isa tebur na gaba aka nuna min babu hatimin fita sam, dole na koma baya na bi layin da na gudar, motata kuma ta tafi ta barni. Tun ranar fasfona baya barin hannuna sai zuwa hannun mai kaki a bayan tebur. Abokanka basuyi ƙarya ba, ana neman na goro a hanya, musamman in aka ga fasfo sabo fil ba a taɓa buga masa komai ba. Kayi sallama, ka saki fuska, kar ka ɗaga murya, kar kuma ka zaro damin kuɗi a gaban kowa. Ƙananan canji a aljihun gaba, sauran a ɓoye wuri biyu daban.

Kuɗi kala uku zaka taɓa, naira, sai sefa wadda Benin da Togo duk ita suke ci, sai sidi na Ghana. 'Yan canji na nan a kowace iyaka kuma da yawansu da Hausa zasu yi maka magana, amma jin Hausa bai hana ka ƙirga ba, ka karɓi nasu ka ƙirga sau biyu kafin ka saki naka, kuma kaɗan zaka canja a boda sauran sai cikin gari. Kar ka dogara da katin banki shi kaɗai. Agogo ma ka kula, da ka shiga Togo ka mayar da shi baya awa ɗaya, Ghana ma haka.

Jaka kuwa kar ta wuce abinda zaka iya ɗorawa a cinya awa biyar. Kaya kala uku masu saurin bushewa, silifas, ƙaramar darduma, tocila, fawa bank, maganin sauro na shafawa, maganin ciwon ciki, sabulu, leda mai kauri don waya da takardu saboda ruwan sama. Wata magana a gefe: buhun nan mai zanen dara da muke kira gana-mas-go, kar sunan ya fito daga bakinka a can. Ya samo asali ne daga korar da Najeriya tayi wa baƙi a 1983, akasarinsu 'yan Ghana, su ma a 1969 sun kori namu da yawa har da Hausawa da aka haifa a can. Tabo ne a ɓangare biyun kuma akwai dattawan da abin ya faɗa kansu suna raye.

A Ankara ka kwana Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, zaka ji kamar kana Sabon Gari da yamma, in ka samu Juma'a kayi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021. Da asuba ka nufi tashar Kaneshi ka hau motar Cape Coast, kusan kilomita 150, awa uku in cunkoson Kasoa ya barku, shi yasa nace da asuba. Ka nemi kujerar taga ta hannun hagu. Bayan kun wuce Mankessim wajen Anomabo zaka fara hango wani shuɗi-shuɗi tsakanin itatuwan kwakwa yana ɓuya yana fitowa, toh shi ne abinda kake nema tun kana yaro. Daga Cape Coast tasi na haɗaka zai kai ka Elmina, kilomita 12 ne ko makamancin haka, kuma titin a gefen ruwan yake tafiya.

Ka ware kwana 10 zuwa 12 gaba ɗaya, uku daga ciki a Elmina kanta. Nan ne nake roƙonka don mutane da yawa suna zuwa da rana tsaka suyi awa biyu suyi hoto su juya, sai su dawo suce ba komai a garin. Ka kwana. Ka tashi bayan sallar asuba ka je kan gadar da ta ratsa bakin tafkin Benya ka tsaya. Kwale-kwale ne ɗaruruwa, manya, kowanne an fafe gindinsa daga gungumen itace guda an ɗora katako an shafe shi da fenti ja da kore da rawaya, tutoci na kaɗawa a kai, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ƙafarka, samari a kan gadar suna tafi suna ihu in sun hango wanda ya cika. Mata da manyan kwanonin silba a ka suna kutsawa har cikin ruwa, ciniki da Fantanci, yaren Fante mutanen yankin, kamar faɗa amma dariya ake, ƙarnin kifi da hayaƙin banda da gishiri duk sun cika hanci. Na tsaya a wurin har rana ta ɗaga ban san lokaci ya tafi ba. Amma banda Talata, ranar masuntan Fante basa shiga teku, zaka same su zaune a inuwa suna ɗinkin taru. In kuma tafiyarka ta faɗo farkon Yuli, Talatar farko ta watan ake bikin Bakatue na buɗe tafkin, masauki na wuya lokacin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya yarda muje da yaranmu biyu a dogon hutu, ɗaya shekara 9 ɗaya 6. Damuwata abinci, don ance can duk ba musulmi bane, sai wurin sallah, kuma ko za a riƙa kallona saboda hijabi? Yaran kuma sun ƙwallafa rai sai sun shiga ruwa. Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ki kwantar da hankalinki kan hijabi, ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen Ghana musulmi ne, ba wanda zai juyo ya kalle ki sau biyu. Gaskiya ne bakin tekun Fante kiristoci sun fi yawa, coci ko'ina, amma Cape Coast da Elmina duk akwai zango da masallatai. Kalmar ma bata canja ba, ki cewa direban tasi "zongo" zai kai ku. In kun isa maigida ya nemi liman ko sarkin zango ya gaishe shi ya faɗi daga inda kuke, wannan tsohuwar al'adar fatake ce kuma har yanzu tana aiki, su zasu nuna muku masaukin da ya dace da iyali. Hausarsu zata ɗan baki mamaki da farko, da yawa basa raba mace da namiji a magana, sai kiji ance "matata ya zo", ki ja kunnen yara kar suyi dariya, Hausar ce ta zauna a can shekaru aru-aru ta ɗauki kamanninta.

Abinci kuwa zaki sha mamaki. Karin safen da duk Ghana ke ji da shi koko da ƙosai ne, sunan da suke kiransa ma "Hausa koko". Shinkafa da wake suna ce mata waakye, daga kalmarmu ta wake, da karan dafi suke dafa ta shi yasa take fitowa ja-ja, kuma yawanci matan zango ne ke saidawa. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, akwai tsire da yamma. Ki gwada nasu ma, dokunun Fante, wani tuwon masara da ake naɗewa a ganyen ayaba, yana da ɗan tsami, da soyayyen kifi da baƙin yajin nan shito, amma ki ɗanɗana kafin ki ba ƙaramin don yana da zafi. Inda zaki kula shi ne miyar gidajen abinci na gari, ana iya haɗa naman alade ko naman daji a tukunya, don haka nama a zango, a waje kuma kifi, kuma ki tambaya kai tsaye ba kunya, basa jin haushi. Ruwa na leda ko na gora. Sallah kuna da sauƙin kasaru a hanya, in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai ku cika, haka yake a mazhabar Malikiyya, maigida ya ƙara tuntuɓar malaminsa kafin ku tashi.

Maganar ruwa ce nake so ki ji da kyau. Tekun nan ba kogi bane ba kuma dam ba. Igiyar takan zo ta daki ƙafa kamar wasa, amma in zata koma tana jan yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ne, babba ma sai ta kayar da shi balle ɗan shekara 6, kuma yawancin wuraren ba mai gadin ceto. Yaran su jiƙa ƙafa iya idon sawu, hannunsu cikin na babansu, fuskarsu na kallon ruwan kada su bashi baya. Ko sunyi kuka kar ki sassauta. Bakin ruwan cikin gari kuma wurin aiki ne, ba tsafta sosai, in zama kuke so ku ɗauki tasi zuwa Brenu da ke yamma da garin, yashi mai kyau da inuwar kwakwa, ku je ranar aiki da safe don ƙarshen mako akwai kiɗa da shaye-shaye.

Dogon hutu lokaci ne mai kyau, ruwan sama mai ƙarfi na Mayu da Yuni ya wuce, Agusta garin da sanyi-sanyi kuma kakar kifi ce. Da yara kar ku bi guntu-guntu, babbar bas kai tsaye, ku ma da yalo kad ɗin kowa har su. In da hali ku kai su dajin Kakum, kilomita 30 arewa da Cape Coast, akwai gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a saman dogayen bishiyoyi, tsawonsu duka wajen mita 350. Babban zai ji daɗi, ƙaramin ki duba zuciyarsa tukunna don gadar na lilo.

TAMBAYA: Barka da aiki. Mu 'yan Nijar da muka fita daga CEDEAO, zamu iya zuwa kuwa? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wato ECOWAS, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su shiga ba biza har sai an sake sanarwa. Irin wannan magana tana iya canjawa, don haka ka leƙa ofishin jakadancin Ghana a Yamai kafin ka sayi tikiti. Hanyar da aka saba ta Wagadugu ce zuwa iyakar Paga, Tamale, Kumasi, sannan ka gangaro Cape Coast, amma gabashin Burkina ba lafiya, ban baka shawarar binta ba. Kai da kake Maraɗi ka shigo ta Katsina ka bi hanyar da na zayyana wa ɗan Fagge a sama, sefarka ma zata yi maka aiki a Benin da Togo ba sai ka canja ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne na kusa ritaya. Naji ana cewa babban abin gani a Elmina wani gidan bayi ne na Turawa. Shin me ya haɗa Bahaushe da wannan? Ba tarihin Turawa da mutanen kudu bane? Ya cancanci mutum ya biya kuɗi ya shiga? Daga Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara girma. Ya cancanta, kuma in da abu ɗaya za ku gani a garin to shi ne. 'Yan Fotugal suka gina shi a 1482, tun farko don zinariya, sunan garin ma daga kalmarsu ta mahaƙa ya fito, 'yan garin kuwa Edina suke cewa. Daga baya cinikin ya koma na mutane. A 1637 'yan Holan suka ja igwa suka hau tudun da ke fuskantarsa suka yi ta ruwan wuta har suka ƙwace, suka riƙe shi shekara 235, sai 1872 suka miƙa wa Ingila. A ciki aka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa, kuma da ɗan rakiya ake zagawa.

Amma Malam tambayarku ta ainihi ita ce me ya haɗa mu, kuma amsar tana da nauyi. Bayin da aka tara a bakin tekun nan da yawansu daga arewa aka gangaro da su, kuma Salaga ɗin da muke alfahari da ita a tarihin goro babbar kasuwar bayi ce, fatakenmu sun saya sun sayar a cikinta. A hanyar Kumasi akwai Assin Manso, inda rafin da ake musu wankan ƙarshe yake kafin a kai su gaɓa. Ta ɗaya ɓangaren mu ma an sayar da mu. Hausawan da yaƙe-yaƙe suka cinye an fitar da su ta Badagry da Legas da Wida, garuruwan da motarku zata ratsa a wannan tafiyar, aka kai su Bahia ta ƙasar Birazil, inda suka shirya bore a 1807 suka kuma tayar a 1814, sannan musulmin garin suka yi babban boren 1835 da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Har ila yau a 1873 lokacin da Ingila ta yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa ta ƙone shi, akwai dakarun Hausawa da aka kawo daga Legas a cikin rundunarta. Filin da za ku gani fetal a gaban ginin, nan garin yake a da. Kun ga mun shiga labarin ta ƙofa uku, kuma a makaranta ba a cika gaya mana ko ɗaya ba. Ku da kuke koyarwa kun fi kowa cancantar ku gani da ido.

Daga waje fari ne tas, kyakkyawa, har mutum yaji kunyar cewa yayi kyau. Kuna shiga tsakar gida coci ne a tsakiya wanda 'yan Fotugal suka gina. Sai a kai ku ɓangaren mata, wani ɗan fili da ɗakuna masu duhu kewaye, sama kuma baranda ce inda gwamna ke tsayawa ya leƙo ya zaɓi wadda yake so, ga matakalar katako da ake hawa da ita zuwa ɗakinsa, ga dunƙulen ƙarfen igwa a ƙasa da ake ɗaure wadda ta ƙi a jikinsa cikin rana. Ɗakunan har yau akwai wani wari mai nauyi da bai fita ba, ƙasan dutse ne, iska ta wata 'yar kafa take shigowa. Akwai wani kurkuku da aka zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, wanda aka jefa ciki ba ruwa ba abinci har ya mutu. Ɗan rakiyarmu ya shigar da mu ya rufe ƙofar na ɗan lokaci kaɗan, wallahi Malam ban san sanda na fara salati ba, wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka da ke gefena ta kama hannun rigata tana kuka, ni ban santa ba ita bata sanni ba.

Ƙarshen zagayen wani ɗaki ne da za ku sunkuya ku shiga, furannin da jikokin bayi ke kawowa jingine da bango, a gabanku wata 'yar siririyar ƙofa wadda sai mutum ya karkata zai iya bi. Ta nan ake fitar da su ɗaya-ɗaya zuwa jirgi. In kun leƙa yanzu kwale-kwalen masunta za ku gani da yara na wasa a yashi.

Roƙona ga duk wanda zai je, ba ku kaɗai ba Malam, a rage murya a ajiye hoton dariya da ɗaga yatsu sai an fito, na ga matasa na yi a ɗakin matan nan kuma abin ya tsaya min a rai har yau. Ku je da safe kafin motocin 'yan makaranta su iso, Talata ta fi dacewa tunda ranar gada ba kasuwa. In kun fito kuna da sauran ƙarfi a gwiwa ku hau tudun nan da 'yan Holan suka kafa igwa, akwai ƙaramar ganuwa a kai da ake kira St. Jago, hawan minti goma ne a hankali. Daga can za ku ga ginin gaba ɗaya da tafkin da filayen gishiri, ku tafi da ruwan sha da littafin rubutu.